Mma Ta Ce Sai Jikokinta Sun Yi Wasa

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Mma ta zo wata Talata da hantsi a gidanmu na Salaga, muka kai ta makwancinta kafin la'asar. Mu uku ta bari: yayana da ke koyarwa a Yendi, da ni mai tuƙa motar doya, da ƙanwarmu da ke aure a Bawku. Jikoki kuwa sun cika tsakar gida. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake saurin manta mutum. Babanmu bai daɗe a ƙasa ba na ji ɗana yana tambayar uwarsa wai kakan nasa dogo ne ko gajere. Ba na so a yi wa Mma haka.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mutum zai shigo da fuskar kuka, ya yi mana gaisuwa, ya nemi benci ya zauna, kafin a jima sai ka ga kafaɗarsa tana rawa, ka rasa kuka yake ko dariya. Wata mai kifi ta taso tun daga Makango. Ta ce tun tana budurwa Mma ke sayen kifinta, kuma ba ta taɓa saya ba sai ta kushe shi, wai wannan ba kama shi aka yi ba, tsufa ne ya kashe shi aka tsinto a bakin ruwa. Tana faɗa tana dariya har ɗankwalinta ya zame, sai kuma ta rufe fuska da shi. Limamin unguwarmu, mutumin da ba a cika ganin haƙorinsa ba, ya ce duk Juma'ar da ya tsawaita huɗuba ya san zai tarar da ita a kan hanyarsa ta komawa gida, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta tambaye shi ko gwiwoyin tsofaffi sun yi masa wani laifi ne. Direbobin tasha sun zo a jere. Kowannensu yana da sunan da ta laƙaba masa, wasu ma ni da nake aiki tare da su ban san sunansu na yanka ba har yau.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wato tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, Bagwanjiya. Akwai mangwaro a gidanmu, gindinsa a wajenmu, rabin rassansa a wajenta. Tun ina yaro duk shekara sai sun yi faɗa a kansa. Mma ta ce ruwan wankin kwanukanta bishiyar take sha, saboda haka 'ya'yan nata ne ko a Kumasi suka faɗi. Maƙwabciya ta ce abin da ya faɗo a tsakar gidanta Allah ne ya aiko mata. Su tsaya kowa a kan turminta, a yi ta zage-zage ta saman katanga, wannan da Hausa, waccan da Gwanjanci, kowa na jin kowa. In suka gaji sai ɗaya ta zagayo da kwano, su zauna su sha mangwaron tare. Wata shekara ɗan maƙwabciyar ya ga zai yi abin kirki, ya hau ya sare reshen don a huta. Wata guda cur babu wadda ta amsa gaisuwarsa a cikinsu. Ranar rasuwa tsohuwar nan ta shigo ta zauna a gindin bishiyar tun safe, ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Da za ta tafi ne ta dube ni ta ce, "Bana da wa zan yi faɗa?"

Koko da tubani Mma take sayarwa a tasha, tun kafin a haife ni har ƙarfinta ya ƙare. Wurinta ba ya rabuwa da mutane, kuma ba duka yunwa ke kawo su ba. Tasha ce, kowane yare yana bi, ita kuwa kowane yare zagi take fara koya a cikinsa, ta ce da shi ake gane in ana cin namanka. Ta iya na Dagwamba, ta iya na Gwanja, na Mosi da na Asante duk tana da su a ƙugu. Da ƙanwata ta haihu a Bawku, garin albasa, ta je mata wankan jego, ta dawo da warin albasa a zannuwanta da sabon zagi na Kusasawa, ta yi mako tana gwada shi a kan awakinmu.

Tana da maganganunta. In ta ga ka ɗaure fuska sai ta ce fushi kaya ne, kuma ba a biyan mai ɗaukarsa. In yaro ya ƙi dariya ta ce wanda bai yi da haƙora ba, zai yi da dasashi. Ni ta fi faɗa wa waɗannan, don ni ne mai ɗaurin fuska a gidan.

Akwai shekarar da motata ta kife da ni a hanyar Bimbilla. Ban karye ba, amma mai motar ya karɓe makullinsa, ni kuma na shige ɗaki na ƙi fita. Matata ta yi magana ta gaji. Abokai sun zo sun gaji. Mma ba ta ce mini ka yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Kullum da safe sai ta zo ƙofar ɗakina, ta buga faranti da ludayi, ta yi ta kiran fasinja kamar 'yan kamasho: Yendi mutum ɗaya, Yendi mutum ɗaya, mota ta cika saura direba. Ta jera jikoki a kan benci a matsayin fasinja, wannan ya riƙe kaza, wancan ya riƙe buta, su yi ta ƙorafi wai direban nan ragon banza ne. Na yi fushi, na ce ta daina, ni ba yaro ba ne. Washegari ta ƙaro akuya cikin fasinja. Ranar da dariya ta kufce mini daga cikin ɗaki, sai ta ajiye farantin, ta ce da yara su watse, direba ya farka. Ta miƙo mini koko ba ta dube ni ba. Sati bai zagayo ba na fita neman wata motar.

Ba zan ce ba ta da laifi ba. Bakinta ba ya riƙe sirri, kuma wasanta wani lokaci yana yanka. Ta taɓa cewa miyar kukar matata ta dace da wankin ƙafa, a gaban baƙi, matata ta shiga ɗaki ta yi kuka. Washegari Mma ta zo da kwanonta da kanta, ta ce a zuba mata ragowar miyar jiya. Ta zauna a ƙofar madafa ta cinye, ta ce a ƙara. Sai da matata ta ƙwace tukunyar. Haƙurin da ta iya bayarwa ke nan, kuma matata ta karɓa.

Da jikoki kuwa ba a magana. Mazan duk mazajenta ne, marowata waɗanda ba su taɓa kawo cefane ba. Matan kuma ɓarayin zannuwanta. In suna ƙwallo a tsakar gida ita ce mai tsaron raga, tana zaune a kujera da faifai a hannu, ƙwallo ta wuce ta ce ba ta shiga ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Da aka koya mata aika saƙon murya a waya sai jikokin Bawku da na Yendi suka shiga uku. Ta gama maganarta ta manta ba ta kashe ba, su yi ta sauraronta tana korar kaji.

Mutum ɗaya ne a duniya Mma ba ta yi wa wasa, shi ne yayana. Ɗan fari ne, kuma ita 'yar mutanen da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce na Yendi. Yana da shekara bakwai Babanmu ya kai shi gidan wani malami abokinsa a Yendi, a can ya yi karatu, a can ya yi aure, a can yake koyarwa har yau. In ya zo gida sai Mma ta ja mayafi, ta tambaye shi hanya da iyali tana kallon gefe, ta aika masa da abinci ɗaki. Yana shigowa dariya take ɗaukewa a gidan kamar an kashe rediyo. Zai ji ta daga zaure tana tsokanar 'ya'yansa na cikinsa, yana leƙowa ta yi shiru. Mu mun saba, ba mu taɓa tunanin yadda abin yake a wurinsa ba. Mutumin kirki ne, ban da abin da zan ce. Kwanakinta uku na ƙarshe yana zaune a gefenta yana karatu, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

To a nan ne maganar take. A wajenmu in tsoho ya rasu ya bar jikoki, ranar addu'a jikokin sukan sa kayansa, su ɗauki sandarsa, su fito gaban jama'a suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, suna tsokanar masu makoki. Ma'anarsa wannan ba mutuwar kuka ba ce, mutum ya ci shekarunsa ya ga 'ya'yan 'ya'yansa. Dagwamba suna yi, Gwanjawa suna yi, mu ma Hausawan zango mun tashi mun tarar ana yi. Yanzu abin yana ja baya, malamai da yawa ba sa so. Da Babanmu ya rasu Yaya ya hana, kuma ba a yi ba. Mma tana takaba, ba ta ce komai ba. Ashe abin yana ranta.

Wata biyu kafin rasuwarta ta kira ni da rana, bayan azahar. Jikinta ya riga ya yi sanyi, amma bakin yana nan. Ta ce an binne Babanmu shiru kamar wanda bai haifa ba, ita kuwa ba za a yi mata haka ba, jikokinta sai sun yi wasa. Na ce ta faɗa wa Yaya mana, shi ne babba.

Ta ce, "Ka san ba zan iya ba. Kai kuwa Allah bai ba ka kunya ba, ga ranar amfanin abin ta zo."

Na ce ba na son rigima da shi. Ta ce ita ma ba ta son mutuwa, amma ga shi. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki sai da na ce na ji, na ɗauka.

Ba a nan ta tsaya ba. Ta ce in za a kwaikwaye ta to a yi da kyau, ba ta son aikin kawai. Ta zaɓi babbar 'yar ƙanwata, budurwa mai koyon ɗinki a Bawku, ta sa aka turo ta wai jinya. Kullum bayan la'asar su rufe ƙofa su biyu, sai dai ka ji dariya da tari. Ta ware zaninta na zuwa tasha wanda ya koɗe, da ɗankwali, da sandarta, da tabaranta mai hannu ɗaya da aka ɗaure da zare, ta sa a akwatin ƙarfe ta ba yarinyar makulli. Ban taɓa jin wanda ya shirya wa kansa wannan ba sai ita.

Ran kwana biyar da rasuwa na sami Yaya a zaure shi kaɗai, na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce mamaci addu'a yake bukata, ba shewa ba. Ya ce malamai za su zo daga Yendi saboda shi, mutanen da yake tsayawa a gabansu yana hana irin wannan, da wane ido zai dube su. Na ce ni ban san littafi ba, abin da na sani ita ta roƙa, kuma na yi mata alkawari. Ya ce, "Ni ba ta faɗa mini ba."

Na ce, "Me ta taɓa faɗa maka?"

Da bakina na faɗa, kuma na ga inda ta same shi. Da ana mayar da magana da na mayar. Ya naɗe buzunsa a hankali. Ya ce in aka yi wannan wasa ranar bakwai, zai tashi a gaban kowa ya tafi, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba. Yaya ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Ƙanwata ta yi kuka ta ce a bari, Mma ta tafi, mu uku muka rage, kada mu koma biyu. Matata ta ce mai rai ya fi bukatar a lallaɓa shi. Duk gaskiya suka faɗa. In na hana, na ci amanar matar da ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. In na bari aka yi, na rasa ɗan'uwa, kuma a shekarunmu wanda ya tafi da fushi ba lalle ne a sake haɗuwa ba. Da safiyar bakwai yarinyar ta same ni a bayan gida ina alwala, makullin akwati a hannunta. Ta ce, "Kawu, in sa kayan?" Na ajiye buta. Na ce ta sa.

An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba. Malamai a gaba a kan tabarmi, Yaya a tsakiyarsu da baƙinsa na Yendi, mata a can gefe. Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka raba waina da goro. Ana shafa fatiha, mutane ba su kai ga miƙewa ba, sai ga su sun fito daga zaure. Yarinyar a gaba cikin koɗaɗɗen zani, tabarau a karan hanci, ta shafa toka a gira, sauran jikoki a bayanta, ƙananan suna riƙe da gefen zanin. Sai na ga kamar Mma ce a tsaye. Ba kamar fuska ba ce, yadda ta karkata kai ne, da yadda ta tura leɓe kafin ta yi magana. Ƙanwata ta toshe baki.

Ta nufi mahaucin unguwa ta zungure shi da sanda, da muryar Mma sak, ta ce ta zo karɓar naman da ya manta bai sa a jikin ƙasusuwan da ya sayar mata ba. A wata rana da wurin ya fashe. Ranar babu wanda ya yi ko murmushi. Kowa Yaya yake kallo.

Ya miƙe. Ya gyara babbar rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki takalmansa a bakin tabarma. Baƙinsa suka fara tattara nasu. Na ce a raina shi ke nan, na yi wa kaina. Yarinyar kuwa, maimakon ta ja baya, sai ta juyo ta ratsa fili ta gabansa a hankali, tana dogara sanda, tana ɗingishi.

Mma tana ɗingishi tun ina goye, duk Salaga an san ta da shi, ta ce a bakin rijiya ta zame. Da ƙafar hagu take yi. Yarinyar nan da dama take yi. Na ji haushi ya kama ni a kan wanda nake ciki: wata biyu ana koya mata, ta tsaya suna fuskantar juna ta ɗauki abin a juye, ga shi zan rasa ɗan'uwa a kan aikin da ba a ma yi daidai ba.

Yaya ya yi taku biyu ya wuce ta. Sai ya tsaya, takalma a hannu, bai juyo ba.

Ya ce, "Ke. Hagu ce."

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai gefe, daidai yadda Mma take yi in yana wuri. Ba shi ta amsa wa ba, liman ta duba. Ta ce, "Malam, a faɗa wa na Yendi ƙafata ce, na fi shi sanin wadda take ciwo."

Yaya ya juyo. Ya ce, "Hagu ce. Kuma ba a rijiya ba ne. Ranar da aka tafi da ni Yendi ne. Ta ƙi fitowa rakiya, sai da mota ta tashi ta biyo mu da gudu da ƙunshin tubani a hannu, ta faɗa kwata a bakin tasha. Ina bayan mota, ni na gani."

Babu wanda ya san wannan a cikinmu. Ni da na rayu a gida ɗaya da ita sama da shekara hamsin ban sani ba. Yarinyar ta tsaya, na ce yanzu za ta fashe da kuka ta ɓata komai. Sai ta haɗiye. Ta mayar da sanda ɗaya hannun, ta gwada hagu, taku ɗaya, taku biyu. Ta ce, har yanzu tana kallon liman, "To madalla. Ashe ana kallona."

Tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta fara. Dariya ta ƙwace mata daga cikin mata, irin mai haɗe da kuka, daga nan kowa ya saki. Mahauci ya riƙe ciki. Wani dattijo cikin baƙin Yendi ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna tona masa asiri. Jikoki suka bazu cikin jama'a, wannan ya ƙwace hular direba, wancan ya zauna a cinyar liman. Yaya bai yi dariya ba. Ya ajiye takalman inda ya ɗauke su, ya koma kan tabarma ya zauna, ya sunkuyar da kai. Bai ɗago ba har aka gama, amma bai tafi ba.

Da jama'a suka watse na tare yarinyar a tsakar gida tana wanke tokar gira. Na ce ta kusa kashe ni, wata biyu ba ta iya bambanta hagu da dama ba. Ta dube ni kamar ni ne yaron. Ta ce Kaka ce ta ce ta yi da dama, kuma ta tabbata ta bi ta gaban Kawu Malam. Wai ta ce zai iya tashi ya bar uwarsa da 'yan'uwansa da gidan ubansa, amma ba zai iya ganin kuskure ya wuce bai gyara ba. Na zauna a kan turmi. Gaskiya ne, Yaya ko a kasuwa ya ji yaro ya karya aya sai ya tsaya. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba ta san shi fiye da mu duka.

Washegari da safe ya shirya jakarsa, motar Yendi tana lodi, na ce zan raka shi tasha. Mun gaisa kamar kullum, bai tayar da maganar zaure ba, ni ma ban tayar ba. Abin da ya ce kawai shi ne har yanzu bai yarda abin daidai ba ne, kuma in ya riga ni kada in bari a yi masa. Na ce na ji. Mun kai ƙofar zaure sai ya tsaya, ya ajiye jaka, ya ce a kira masa 'yar Bawku. Ta zo ta durƙusa. Ya yi gyaran murya sau biyu.

Ya ce, "In kun rufe ƙofa, me kuma take cewa a kaina?"

Ta ce, "Kawu, da yawa ne."

Ya jawo benci ya zauna, ya nuna mata tabarma. Na tuna masa mota za ta cika. Ya ce bari ta cika. Na bar su na fita, na je tasha na faɗa wa direban ya ba wani kujerar. Da na dawo da azahar suna nan inda na bar su, ita tana magana da hannu da ka, shi ya dafa gwiwa yana saurare kamar ɗalibi, jakar tana jingine a bango. Sai da ya ƙara kwana uku.

Allah ya jiƙan Mma, ya yafe mata abin da bakinta ya yanka, ya saka mata da abin da ya warkar. Ya yalwata mata wurin kwanciya, ya ba ta maƙwabta masu jure tsokana. Mu da muka rage, Allah ya bar mu mu uku har ranar da ya ga dama. Wanda ya karanta ya sa mata albarka.